Wa ya tsara karin waƙar "What a Friend We Have in Jesus"?

Tambaya: Malam, shugaban mawaƙanmu ya ƙara wa wannan waƙa sauri, ya sa ganga da jita. Dattawa sun ce ya ɓata aikin mai ita. Wane ne mai ita, kuma laifi ne a sauya ta?

Amsa: 'Yar'uwa, masu ita biyu ne. Kalmomin na Joseph Scriven ne, ɗan Ireland mazaunin Kanada, wanda ya rubuta su a 1855 domin ya ta'azantar da mahaifiyarsa da ke can gida. Karin da muka saba da shi kuwa Charles Converse ne ya tsara shi a 1868. Lauya ne Ba'amurke da ya koyi kiɗa a Leipzig ta Jamus. A littattafai za ki ga an kira karin "Converse", wasu kuma "Erie", sunan garin da ya zauna.

Ki saurari ginin karin da kyau, nan ne asirinsa. Layi huɗu ne. Na farko ya tsaya a rataye, kamar mai tambaya. Na biyu ya maimaita shi, amma ya sauka gida. Na uku kaɗai ya bi wata hanya, sai na huɗu ya komo kan na biyu. Wannan ne ya sa tsohuwar da ba ta iya karatu ba takan kama shi tun kafin a gama baiti na farko, kuma ni a nan na fi ganin gwanintar Converse.

Sauyi kuwa ba yau aka fara ba. A Birtaniya ana rera kalmomin da wani kari dabam, "Blaenwern", na William Rowlands ɗan Wales. Mawaƙiyar Amurka Aretha Franklin ta rera ta da tafi da amshi a wata majami'a a Los Angeles a 1972. A Japan ma an ɗora wa karin kalmomin Japananci.

Saboda haka ganga ba laifi ba ce. Sai dai dattawan suna da gaskiya a wuri guda: waƙar addu'a ce ta mai nauyin zuciya. Idan sauri ya sa jama'a suna haɗiye kalmomi, an yi hasara. Ki shawarci shugabanku ya bar baiti na farko da muryoyi zalla, ganga ta shigo a na biyu a hankali, kada jita ta danne muryar da ke riƙe da karin.