Tambaya da Amsa: Yaya Waƙoƙi Uku Suka Zama Labari Ɗaya?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗaliba ce a Zariya. Ƙawata ta ce a kundin waƙoƙin mawaƙiyar Amurka Taylor Swift mai suna Folklore akwai waƙoƙi uku da ke ba da labarin soyayya guda ɗaya tsakanin wasu 'yan makaranta. Na saurari kundin sau biyu, amma ban ga inda suka haɗu ba. Shin gaskiya ne, ko kuwa masoyan mawaƙiyar ne suka ƙirƙiro zancen?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Ƙawarki ta yi gaskiya, kuma ita mawaƙiyar da bakinta ta tabbatar da hakan. Kundin ya fito ne ranar 24 ga Yuli, 2020, lokacin da annobar korona ta kulle mutane a gida, kuma ta yi aikinsa tare da Aaron Dessner da Jack Antonoff. A 2021 ya lashe kyautar Grammy ta gwarzon kundin shekara. Cikin waƙoƙinsa 16, waɗanda kike nema su ne ta 2 mai suna "Cardigan", da ta 8 mai suna "August", da ta 14 mai suna "Betty". Ban ga laifinki ba da kika kasa haɗa su, domin an nisanta su da juna, sannan ba a jera su bisa yadda abubuwan suka faru ba.

Labarin kansa gajere ne. James, saurayi ɗan shekara 17, yana soyayya da Betty, sai ya ci amanarta da wata yarinya a lokacin dogon hutun makaranta, wanda a Amurka yake kaiwa cikin watan Agusta, lokacin zafi, ba tsakiyar damina kamar a wajenmu ba. Da aka koma makaranta, wata mai yawan tsegumi da ake kira Inez ta baza maganar, shi kuma ya yanke shawarar zuwa ƙofar gidan su Betty ranar da take liyafa domin ya ba ta haƙuri.

Gwanintar tana cikin yadda aka raba labarin ga bakuna uku, ba tare da an haɗa biyu daga cikinsu a waƙa ɗaya ba. Mun saba a waƙoƙin finafinanmu mu ji saurayi ya yi baiti budurwa ta mayar masa nan take. A nan kuwa kowa shi kaɗai yake magana, bai san abin da ɗan'uwansa ya faɗa ba, sai mai sauraro ne kawai ya ji duka ukun. Betty ce ke magana a "Cardigan" (wato rigar sanyi), ɗaya yarinyar a "August" (wato watan Agusta), shi kuma James a waƙar da aka sa wa suna "Betty". Abin da ke ɗinke su shi ne wasu ƙananan abubuwa da ke maimaituwa. Rigar sanyin da Betty ta kwatanta kanta da ita, tsohuwa wadda aka yar a ƙarƙashin gado kafin wani ya ɗauko ya sa, ita ce James yake hango ta sanye da ita a ƙarshen tasa waƙar. Titin da aka shimfiɗa da duwatsu yana cikin waƙar da Betty ke magana a ciki, kuma a kansa James ya ce yana tafiya gida lokacin da ɗaya yarinyar ta tsaya da mota ta ce ya shigo. Motar nan kuwa za ki sake samunta a waƙar watan Agusta, daga bakin mai tuƙa ta.

Akwai wuri guda da nake so ki saurara da kyau. James yana fakewa da ƙuruciya, yana cewa shekarunsa 17 kacal, bai san komai ba. Betty, wadda take magana bayan shekaru masu yawa, tana ta nanata cewa mutane ne ke ɗauka yaro bai san komai ba, alhali ita tun a lokacin ta san abin da ke faruwa. Da yake waƙarta ce ta fara zuwa, kin riga kin ji an rushe uzurin nasa tun kafin ya buɗe baki, kuma a ganina wannan ne dalilin da ya sa aka juya jerin.

Wadda ta fi taɓa mini zuciya ita ce yarinyar tsakiya. A bakin James ba ta da ko suna, kuskure ce kawai da ya yi yana tunanin wata. Amma idan aka ba ta dama ta yi magana, sai ki tarar da yarinya mai so da gaske, wadda take soke duk abin da ta shirya ko da zai kira, take haɗuwa da shi a ɓoye a bayan rukunin shaguna, kuma daga baya ta gane cewa ba za ta ce ta rasa shi ba tunda bai taɓa zama nata ba. A fim ɗin da Swift ta fitar kan kundin a watan Nuwamba na 2020, ta ce a ranta tana kiran yarinyar Augusta ko Augustine, kuma ba ta ɗauke ta a matsayin muguwa ba.

Idan kina so ki bi labarin a tsare, ki fara da ta 8, ki bi da ta 14, ki rufe da ta 2. Za ki lura cewa waƙar James ta ƙare yana tsaye a barandar gidan yana tambayar ko za a karɓe shi, ba a ba shi amsa ba. Betty dai ta ce ta san zai dawo ya tsaya ƙarƙashin fitilar ƙofar gidansu, ita kuma mawaƙiyar ta ce a tunaninta sun daidaita daga baya, ko da yake ya wahalar da ita ƙwarai kafin nan.