Yadda ake bambance karɓau kai-tsaye da karɓau kaikaitau a Turanci

Ka tambaya yadda za ka gane wane ne wane idan sunaye biyu suka biyo bayan aikatau, kamar a "Musa gave Ladi a pen".

Fara da gano aikatau, wato "gave". Sai ka tambaya: me aka bayar? Alƙalami. Shi ne karɓau kai-tsaye. Wa aka ba? Ladi. Ita ce karɓau kaikaitau. Yawanci kaikaitau ne ke zuwa da farko, kamar dai a Hausa: ya saya wa Ladi alƙalami.

Idan kana shakka, juya jimlar. In sunan farko ya yarda ya koma ƙarshe tare da "to" ko "for", to kaikaitau ne: "gave a pen to Ladi". Give, send da tell suna ɗaukar "to", su kuma buy da cook "for" suke so.

Inda ɗalibai ke faɗawa rami shi ne irin "They made him captain". Kamanninta ɗaya da "They made him tea", amma ba hali ɗaya ba. Shayin nan an dafa masa ne, don haka "him" kaikaitau ne. Kyaftin kuwa shi ɗin ne da kansa, mutum ɗaya ake nufi, saboda haka "him" kai-tsaye ne, "captain" kuma cikamako ne kawai, wato kalmar da ke ƙara bayani a kansa.

Sai explain da suggest, masu taurin kai. Ba a cewa "explain me the rule", dole sai "explain the rule to me".