Na Tsinci BlackBerry Bold 9900 a Kayan Mahaifina: Tana da Sauran Amfani?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Muna gyara kayan mahaifinmu da ya rasu sai na ga wayarsa BlackBerry Bold 9900 a cikin akwati. Na sa ta caji ta kawo wuta, amma tana neman lambar sirri. Me ya sa mutanen lokacin suke yabon wannan waya haka, kuma zan iya ci gaba da amfani da ita?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta.

Kafin komai, ɗan'uwa, ka daina gwada lambar sirrin da ka. An tsara BlackBerry ne ta yadda idan aka yi kuskure sau 10 a jere, za ta goge abin da ke cikinta da kanta, kuma babu mai gyaran da zai dawo maka da shi. Tana nuna adadin gwajin da aka yi a kan allo, ka duba. Ka tambayi Mama ko yayyenka, wataƙila akwai wanda ya sani.

Wayar da ke hannunka ita ce 'yan kasuwarmu suke kira Bold 5. Kamfanin Research In Motion na garin Waterloo a Kanada ne ya fitar da ita a watan Agustan 2011. Kaurinta milimita 10.5, nauyinta giram 130, an zagaye gefenta da ƙarfe marar tsatsa. Allonta inci 2.8 ne kawai, amma ana taɓa shi, ga kuma ɗan madannin tsakiya da ake shafawa da babban yatsa. A ciki akwai firosesa mai gudun 1.2 GHz, RAM 768 MB, ma'ajiya 8 GB, da gurbin memori da ke ɗaukar har 32 GB. Tana ma da NFC, wato fasahar da ke haɗa waya da wata na'ura idan an kusantar da su, tun mutane ba su san amfaninsa ba.

Amma ba don waɗannan lambobi aka so ta ba. A shekarar ma Samsung Galaxy S II ta fi ta kusan a komai: allo inci 4.3, RAM 1 GB, kyamara mai megafiksel 8. Abin da ya riƙe mutane shi ne madannan rubutu. Ka ɗora yatsa ka ji: kowane harafi an ɗan karkata samansa yadda yatsa ba zai zame ba, kuma tsakanin layi da layi an sa siririn ƙarfe. Wanda ya saba yana rubuta doguwar wasiƙa bai kalli hannunsa ba. Ka danna madannin tazara sau biyu, ta sa maka aya ta fara sabuwar jimla da babban baƙi. Cikin saƙonni ka danna T ta kai ka sama, B ta sauko da kai ƙasa. A ganina har yau ba a yi wa waya madannai da suka kai waɗannan ba.

Tana da nata rauni. Kyamararta mai megafiksel 5 ba ta saita kanta, shi ya sa hoton takarda ko rasit daga kusa yake fitowa dishi-dishi. Babu kyamarar gaba. Batirinta 1230 mAh ne, wanda ya yi wa waya irin wannan kaɗan, kuma idan ta daskare sai an zare batir an mayar, a zauna jiran ta tashi.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Rabin wayar nan ba ya cikin jikinta. A wancan lokacin, imel, BBM (manhajar hira ta BlackBerry) da yawancin shiga intanet suna bi ne ta manyan kwamfutocin kamfanin, ta tsarin intanet ɗinsu mai suna BIS da ake biya wata-wata. Can ake matse bayanai kafin su iso, don haka data kaɗan take ci, kuma saƙo yana shiga ko da sabis ya yi rauni. Wannan ne ya sa ta karɓu sosai a Najeriya, har musayar PIN mai haruffa da lambobi 8, wato lambar da ake samun mutum da ita a BBM, ta zama kamar musayar lambar waya. Illar wannan dogaro ta fito fili a watan Oktoban 2011, lokacin da na'ura ta lalace a cibiyarsu ta Slough a Ingila, masu BlackBerry a Turai, Gabas ta Tsakiya da Afirka suka yi kwanaki saƙo ba ya tafiya. Daga baya WhatsApp ya bar ta a ƙarshen 2017, aka rufe BBM na jama'a ranar 31 ga Mayun 2019, sannan ranar 4 ga Janairun 2022 kamfanin ya kashe hidimomin tsoffin wayoyinsa, ya kuma sanar cewa ko kira da saƙon tes ba a da tabbacin su ci gaba da aiki daidai.

Saboda haka ba zan ba ka shawarar ka mai da ita wayar yau da kullum ba. Babu manhajar banki, babu WhatsApp, kuma burauzarta ba ta buɗe yawancin shafukan yanzu. Abin da ya fi daraja shi ne abin da Baba ya bari a ciki. Ka buɗe murfin baya ka duba batirin. Idan ya kumbura, ka cire shi nan take kada ka sake sa shi caji, sunan samfurinsa J-M1 idan za ka nemi wani. Ka zare memorin ka sa a kwamfuta ka kwafe hotuna da muryoyi. Idan ka ga sunayen fayilolin sun ƙare da .rem, to an kulle su ne, wayar nan ce za ta iya buɗe su, kada ka rabu da ita. Idan kuma ka kai ta wurin masu gyara, ka faɗa musu tun daga bakin shago cewa ba ka yarda a yi mata filashin ba, domin filashin zai buɗe wayar ne bayan ya share duk abin da kake nema.