Ya halatta in riƙa zuwa taron masu ƙoƙarin daina shan giya?

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam, dan Allah a ɓoye sunana. Ni bakanike ne a nan Jos wajen Bauchi Road, shekara shida kenan ina shaye-shaye, da burkutu na fara har na kai ga goskolo, wata giyar gida mai ƙarfin gaske. Na rantse ya fi sau biyar zan daina, sati biyu sai in koma. Wani abokin aikina Kirista ya ce akwai taron da masu irin matsalata suke yi duk sati, kowa ya faɗi halin da yake ciki, amma a ɗakin taro na coci ake yi. Zuwa wajen ya halatta? Kuma ba tona wa kaina asiri zan yi ba?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗana. Wallahi tambayarka ta taɓa min zuciya, kuma ka sani wanda abin yake damunsa har ya rubuto, imaninsa yana nan da rai. A zamanin Annabi (SAW) an sha kawo wani sahabi saboda shan giya, ranar da wani ya tsine masa sai Annabi ya hana, ya ce yana son Allah da ManzonSa. Yana cikin Bukhari.

Zuwa irin wannan taro ya halatta, kai in ma ka gwada kai kaɗai ka kasa kamar yadda ka faɗa, to neman taimakon ya zama dole a kanka, domin barin giya wajibi ne, abin da wajibi ba ya cika sai da shi kuwa shi ma wajibi ne. Allah ya ce a taimaki juna a kan alheri da taƙawa, Suratul Ma'ida aya ta 2.

Maganar tona asiri kuma, hadisin da ya hana mutum bayyana zunubinsa a kan mujahirai yake, wato mutum ya kwana Allah ya rufa masa asiri da safe ya zauna a teburin mai shayi yana ba da labarin kwalba nawa ya sha yana dariya. Kai kuwa ciwonka za ka nuna wa masu irin ciwon don a kama hannunka, kamar mara lafiya gaban likita, niyyar ba ɗaya ba ce hukuncin ma ba ɗaya ba ne. Sai dai ka faɗi gwargwadon buƙata, kar ka kira sunan kowa, abin da ka ji a can kuma amana ne ko matarka kar ka gaya wa.

Irin wannan taro da aka fi sani shi ne Alcoholics Anonymous, wanda ya fara a Amurka a 1935, ba a biyan kuɗin shiga kuma ba a tilasta kowa faɗin cikakken suna. Cikin matakansu 12 akwai miƙa wuya ga wani Iko da ya fi ƙarfinka, to kai wannan Allah ne Shi kaɗai, ba ka da wata matsala a nan. Inda za ka kula shi ne wasu sukan rufe taro da addu'ar Kirista ta "Ubanmu", sai ka yi shiru cikin ladabi ka yi istigfarinka a zuci. Zama a ɗakin taron coci don magani ba shiga ibadarsu ba ne. In ka ga an juya abin ya koma wa'azin canza addini sai ka nemi wani wuri, kuma ka yi wa abokin nan naka godiya, alheri ya nufe ka da shi.

Amma kafin komai dan Allah ka fara da asibiti. Wanda jikinsa ya saba da giya shekaru, yanke ta dare ɗaya yana iya kawo karkarwa da gumi da gane-gane har da jijjiga kamar farfaɗiya cikin kwana biyu zuwa uku, kuma yana iya kisa. Ka je JUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Jos, sashen lafiyar ƙwaƙwalwa, kar sunan ya ba ka kunya, su za su duba ka su tsara yadda za ka daina lafiya, a nan ma za ka tambaya ko akwai taron da suka sani kusa da kai. NDLEA, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, ma suna da masu ba da shawara, kuma ana yin irin taron ta Zoom in fita za ta yi maka wuya. Gidan da ake ɗaure mutum da mari ana dukansa kuwa kar ka yarda a kai ka, mun ga abin da aka bankaɗo a Rigasa ta Kaduna a 2019.

Ni abin da yake ci min rai, me ya sa sai yaranmu sun je wani wuri kafin a saurare su? Ga masallatai cike a Anguwan Rogo da Rikkos da Gangare, mutum huɗu ko biyar da liman mai riƙe sirri bayan sallar isha'i sun isa a fara irin wannan taro. In ka ɗan warware ka zo mu yi maganar.

Rantsuwar da ka karya akwai kaffara, ciyar da miskinai 10 ko tufatar da su, in babu hali azumin kwana uku. Ka daina rantse-rantsen nan haka, ka canza hanyar da kake bi in an tashi daga gareji, ranar da ka zame kuma kar ka fasa sallah, kar ka fasa zuwa taron satin. Allah ya yaye maka. Wallahu a'alam.