Janye ɗan wata coci zuwa taka, shaida ce?

Ɗan'uwa, kana tambaya ko jawo ɗan Katolika ko ɗan Angalika zuwa cocinku ta ECWA yana cikin ba da shaida. A'a, ba ya ciki. Shaidar da Yesu ya ɗora wa almajiransa a Ayyukan Manzanni 1:8 ta kansa ce, ba ta ɗariƙa ba. Kalmar Helenanci ta asali, marturiya, tushenta ɗaya da sunan da ake kiran wanda aka kashe saboda bangaskiyarsa. Majalisar Ikilisiyoyin Duniya, wadda aka kafa a Amstadam a 1948, ta raba abubuwan nan biyu a taronta na 1961 a Indiya: shaida daban, farautar mabiyan wani ta hanyar kushe ko kwaɗaitarwa daban. Dattawanmu satar tumaki suke ce masa.

Sharaɗi ɗaya dai: in mutum ya zo don kansa, ba ku kushe cocinsa ba, ba ku nuna masa buhun taki ba, to ku karɓe shi. A ƙauyenmu can wajen Sumaila coci biyu ne, tsakaninsu bai fi jifa ba. Shekarar da muka yi ta zawarcin iyalai uku, maƙwabtanmu Musulmi dariya kawai suke yi, wani ma ya tambaye ni ko Yesun biyu ne. Da wata gwauruwa ta rasa mai nome mata gona, mu 'yan cocin biyu muka haɗu muka yi mata gayya, sai ga mutumin nan mai tambayar ya zo da fartanyarsa.