Me ya sa kiɗan rock ke ja da baya, alhali heavy metal na nan daram?

Malam, ka tambayi dalilin da ya sa kiɗan rock na zamani yake ja da baya, alhali heavy metal, kiɗa mai tsananin amon gita wanda daga tsatsonsa ya fito, bai rasa jama'arsa ba. A ganina, bambancin yana ga abin da kowannensu ya dogara da shi.

Rock ya daɗe yana jingine da gidajen rediyo da manyan kamfanonin faifai, to da sauraron waƙa ya koma intanet, sai matasa suka karkata wani wajen, har a shekarar 2017 rahoton kamfanin Nielsen, mai ƙididdigar sauraron waƙoƙi, ya nuna cewa hip-hop da R&B sun zarce rock wajen yawan sauraro a Amurka. Makaɗa da yawa, don neman shiga kasuwa, suka rage amon gita, suka sassauta kiɗan har ya rasa kamanninsa, kuma wannan ne ya fi ba ni takaici, domin tsofaffin masoya sun watse, sababbi kuma ba su zo ba.

Shi kuwa metal, tun kafuwar Black Sabbath, ƙungiyar makaɗa da ke cikin waɗanda suka fara shi, a Birmingham ta Ingila a 1968, bai cika zama ɗan lelen rediyo ba, saboda haka ja da bayan da rediyon ya yi bai girgiza shi ba. Masoyansa ne suke riƙe da shi, suna sayen faifai da baƙaƙen riguna masu tambarin makaɗa, suna kuma niƙar gari zuwa bukukuwa. A Wacken, wani ƙauye a arewacin Jamus, tun 1990 ake taruwa kusan kowace shekara, inda a yanzu dubun-dubatar mutane ke kafa tantuna a filayen kiwo, sau da yawa cikin taɓo, su kwashe kwanaki suna sauraro.