Tambayi Mai Sana'a: Kayan tattalin ruwa da wuta a tsohon gidan haya

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba. Ni ƴar haya ce a Bagalam. Mu iyali 7 ne a gidan, kwantar ruwa ɗaya, robine ɗaya a tsakar gida. Bayan Sallar Layya mai gidan ya cire tsohon robine ya sa mana irin wanda ake dannawa, ya zubo kaɗan ya tsaya da kansa. Ya ce zai rage mana kuɗin ruwa, ya karɓi jikka guda daga kowane ɗaki kuɗin saye da ɗaurawa. Yanzu bidon ɗaya sai mutum ya gaji da tsayuwa, kullum faɗa a kan layi, kuɗin wata kuma bai ragu ba. Mu ne ba mu iya aiki da shi ba, ko kuwa?
Uwar yara huɗu, Bagalam, Maradi.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗiyata. Ba ku da laifi. An kawo muku kayan kirki, an ɗaura shi inda ba wurinsa ba.

Bidon mai lita 20, lita 20 yake ci, ko robine ya zubo da ƙarfi ko ya zubo a hankali. Ku ɗiban ruwa kuke yi: ku cika bokiti, ku cika randa, ku kai ɗaki. Girki, wanki, wankan yara, duk daga abin da kuka ɗiba ne. Robine mai tattali an ƙera shi ne saboda wurin da ake barin ruwa yana zuba a banza, kamar wurin wanke hannu a asibiti ko lakwal, ko wurin alwala a babban masallaci. Can yana da amfani ƙwarai, ni da hannuna na ɗaura su kuma na ga bambanci. A tsakar gidanku kuwa lokacinku kawai yake ci. Robinen da ke ba da lita 12 a minti zai cika bidon kafin minti 2. Wanda aka matse zuwa lita 5 sai ya yi minti 4, shi ma in ruwan da ƙarfinsa. Ki lissafa iyali 7, kowa da bidon 5 ko 6, za ki ga inda faɗan ya samo asali. Wannan wahala kuma a kan mata da yara mata take sauka, shi ya sa abin yake ci mini rai.

Sai maganar ƙarfin ruwa. Yawancin waɗannan kaya a Turai da Sin ake ƙera su, ana auna su da ƙarfin da ya kai kamar bar 3, wato nauyin ruwan da ya sauko daga tsayin mita 30. Tankin da aka ɗora a kan gini mai mita 3 kashi ɗaya cikin goma na wannan ƙarfin yake bayarwa. Tsofaffin gidajenmu na Bagalam, Mokoyo da Maradawa da yawansu har yanzu bututun ƙarfe ne a binne, ya yi tsatsa ta ciki, hanyar ruwan ta tsuke. Duk ranar da ruwa ya ɗauke ya dawo, yana tahowa da tsatsa da yashi, su taru a ƴar ragar da ke bakin robine su toshe ta. Ki kwance bakin da hannu, ki jiƙa ragar a ruwan lemun tsami, ki goge da tsohon buroshin haƙori. Zai ɗan sassauta, amma ba zai warke ba. Na san kuma abin da ake yi a ƙarshe: wata ta gaji, ta ɗaure madannin da roba ko ta danne shi da dutse don ta je ta duba tukunya. Daga nan ruwa ya yi ta ambaliya, asarar ta fi ta da.

In kuna son kuɗin ya ragu da gaske, ku nemi inda ruwa ke yoyo. Da dare, bayan kowa ya gama ɗiba, a rufe robine, a rubuta lambobin da ke kan kwantar har da jajayen. Da asuba kafin kowa ya taɓa, a sake dubawa. In lamba ta motsa, akwai bututun da ya fashe a ƙarƙashin ƙasa, kuma kuɗinku ne ƙasa take sha. Robinen da ke ɗiga sau ɗaya kowace daƙiƙa ma yana zubar da sama da lita 20 a wuni da kwana, bidon guda ke nan kullum, alhali ƴar robar da ke gyara shi ba ta kai kuɗin cefanen yini ba.

Akwai abin da masu haya da yawa ba su lura da shi ba. Kuɗin ruwa a Nijar hawa-hawa ne: mita kib (kowace lita 1000 ce) na farko-farko suna da rahusa domin talaka, in an zarce sai farashin ya hau. Kwantar ba ta san iyali 7 ne ke shan ruwan ba, tana ganinku kamar gidan attajiri guda mai yawan amfani, sai ku faɗa hawa mai tsada. Babu robinen da zai gyara wannan.

Ku haɗu ku je wurin mai gidan da girmamawa, da babbar cikinku a gaba. Ku nuna masa takardun kuɗin ruwa na kafin canji da na bayansa. Ku roƙi a mayar da robine mai buɗewa sosai, mai hannun da ake murɗawa rubu'in zagaye, shi kuma wannan a kai shi wurin alwala ko bakin bayi. Ina kyautata zaton niyyarsa mai kyau ce, wani ne ya tallata masa.

TAMBAYA: Malam, ni tela ne, ina haya a Sabon Gari. Na canza ampul ɗin ɗakina da na shago zuwa LED don a ce ba sa cin kuran. Ba sa wuce wata 2 sai su fara ƙiftawa su mutu. Ɗaya kuma ko an kashe shi yana ɗan haske cikin dare. Rabona na kuɗin wuta bai canza ba.
Tela, Sabon Gari, Maradi.

AMSA: Ɗan'uwa, zan fara da wanda ke haske bayan an kashe, don shi ya fi tayar mini da hankali. Sau da yawa alama ce cewa wanda ya ja wayar gidan ya ɗaura makunni a kan wayar da ba ta ɗauke da wuta, ya bar mai wutar ta tafi kai tsaye zuwa mazaunin ampul. Ma'ana ko ka kashe, wuta tana nan a sama. Tsohon ampul mai zare ba ya tona wannan, LED kuwa ɗan abu kaɗan ya ishe shi ya yi haske. Kada ka hau kujera ka sa hannu kana cewa ai na kashe. Kira mai gyaran wuta ya gwada, gyaran ba shi da tsada.

Mutuwar da suke yi da wuri, zafi ne da rashin daidaiton wuta. A gindin kowane LED akwai ƴan kayan lantarki ƙanana, su ne ke fara lalacewa. Ka tuna zafin Afrilu da Mayu a Maradi da ke haura digiri 40 a inuwa, sannan ka tuna ampul ɗin yana rataye dab da kwano a ɗakin da ba silin. Ga wayar tsohon gida siririya, an yi ta ƙari a kanta, duk wanda ya kunna dutsen guga sai hasken kowa ya dushe. Ga ɗaukewa da dawowa: wutarmu mai yawa daga Najeriya take zuwa ta layin Katsina, kowa ya ga yadda aka sha a 2023 da aka yanke ta a watan Agusta. Ka sauko da ampul ɗin ƙasa da kwano kamar kamu 2, ka canza mazauninsa in ya yi sako-sako ko ya yi baƙi. In za ka saya, duba jikin kwali, ka zaɓi wanda aka rubuta yana aiki daga bolt 100 zuwa 240 ko fiye, ka sa mai shago ya rubuta ranar saye a gindinsa. Guda ɗaya mai kyau ya fi uku na araha.

LED yana rage ci, wannan gaskiya ne. Mai wat 9 yana ba da hasken tsohon mai wat 60. Amma in a gidanku ana raba kuɗi ne da ƙidayar ɗaki ko ƙidayar ampul, abin da ka rage ya shiga tukunyar kowa, kai kuma ka sayi ampul da kuɗinka. Fankar sama guda tana cin wajen wat 70 dare farai, dutsen guga wat 1000, abin dafa ruwa ya fi haka. Nan kuɗin yake tafiya. Ku shawarta a sa wa kowane ɗaki ƙaramar kwanta tasa, kowa ya biya abin da ya ci. Ku yi hakan a bayyane da yardar mai gida, ta hannun ƙwararre.

In akwai sauran ampul mai murɗaɗɗen farin bututu irin na da a gidan, a kula da shi, akwai sinadarin makuri a cikinsa. In ya fashe a fitar da yara, a buɗe ƙofa da taga, a kwashe da kwali da jiƙaƙƙen tsumma, ban da tsintsiya.

TAMBAYA: Ina da gidan haya da na gada a unguwar Zariya. Ana ba ni shawara in sa masai na zama mai madanni biyu don rage ruwa. In sa?
Wani Alhaji, Maradi.

AMSA: Alhaji, Allah ya ƙara arziki, kuma na gode da ka tambaya kafin ka saya. Irin wannan masai yana sakin lita 3 ko 6, na da kuwa lita 9 zuwa sama. Tsohon bututun da ke kai ƙazanta rami don ruwa mai yawa aka shimfiɗa shi. In gangarensa bai kai santimita 2 a kowace mita ba, ko ƙasa ta zauna ya lanƙwashe, lita 3 ba za ta kai kayan ba. Sai a danna sau biyu sau uku, ko ya toshe, wari ya dami ƴan haya. Tankinsa kuma yana son ruwa a bututu koyaushe, in yashi ya shiga robar ciki sai ya riƙa zuba shiru dare da rana. Ana gane wannan da ɗiga bula a tankin: in shuɗi ya bayyana a ƙasa ba a danna ba, yana yoyo.

Masai na tsugunno da ake kora wa ruwa da bokiti lita 2 ko 3 ya ishe shi, ba shi da abin lalacewa, kuma mutanenmu sun saba da shi. Ka bar shi. Kuɗin da ka ware, ka sa a tono tsohon bututun ƙarfe daga kwanta zuwa tsakar gida a canza shi, sannan ka ƙara robine na biyu don layi ya ragu.